Ranar da Butar Baba Ta Tafasa

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa daga ni da Baba, da fatan kana lafiya kai da Amarya. Ka ce mata har yanzu ina jiran hoton sabon labulen da ta ce za ta saka a falo, don ni ban yarda za ta iya rabuwa da wancan mai ruwan ƙasar ba.

Kada ka yi mamakin ganin takarda, umarnin Baba ne. Ya ce waya iska ce, kana ajiyewa maganar ta bi ta tafi. Ga shi kunnensa ba ya kama muryarka a cikinta, sai ya yi ta cewa "na'am, na'am" alhali bai ji komai ba. Takarda yake so, in karanta masa, ya cusa ta a ƙarƙashin matashi, gobe ya ce a maimaita. Saboda haka ka nemo alƙalami, kuma don Allah ka gyara rubutun nan naka, idona ba na yarinya ba ne yanzu.

Jikin nasa da sauƙi, amma irin sauƙin da sai mai haƙuri ke gani. Hannun dama bai dawo ba, ƙafar ce take ɗan motsi. Bakin kuwa ya dawo tsaf, har ya fi na da. Jiya na goge masa riga, ya sa na ɗaga ta a hasken taga, ya daɗe yana kallo. Sai ya ce, "Mutum ya ƙare rayuwarsa a wanki da guga, a ce 'yarsa ce ta yi masa kari biyu a hannun riga ɗaya. Ke da ake cewa masaniyar taurari." Na ce, "Baba, digirina ba na guga ba ne." Ya ce, "Ai na gani."

Ni ke ɗaga shi, ni ke wanke shi, ni ke juya shi kada bayansa ya yi ciwo. Shagon wankin da ke ƙofar gida yana nan a rufe, amma kullum sai ya sa na leƙa na gaya masa ko ɓera ya taɓa teburin gugar.

Kowace safiya kuma sai ya tambaye ni Buta. Shekaranjiya matar da ke zuwa motsa masa ƙafa ta ce wace buta ce ake ta tambaya haka, kafin in buɗe baki Baba ya karɓe bayanin. Ya ce, "Wani jaririn tauraro ne, 'yata ke gadinsa. Yana zaune a tsakiyar wani faifai na ƙura, a cikin ƙurar nan ake ƙera duniyoyi irin tamu. Ruwan wurin duk ya daskare a jikin ƙurar, ba a ganinsa. Amma yaron haɗamamme ne, wata rana zai kai loma babba ya ɗauki zafi, ƙanƙarar ta tashi ta zama tururi. Ranar 'yata za ta auna, ta gaya mana yawan ruwan da ake ba duniya tun tana cikin zanin goyo." Wallahi ya fi ni iya faɗa. Matar ta ce to Allah ya sa ta tafasa lafiya.

Shi ya kawo ni kan abin da ka sani. Ka ga shekarun da na yi ina roƙon kwamiti kafin su ware mini awoyin nan a na'urar hangen taurari da ke kan dutse, kuma a ranakun da sama ta fi bushewa, domin in ba haka ba tururin samanmu ne zai rufe na can. Awoyin jira ne, suna ajiye har ranar da Buta za ta farka a juya mata na'ura. Doka ta ce wanda ya tafi hutu ba ya riƙe ikon kiran a juya na'ura, sai ya damƙa wa wani. An ba ni shawara in damƙa wa abokin ofishina, na ce a'a, ina da ƙane a ma'aikatarmu.

Ban manta abin da ka ce mini a barandar asibiti ba, ranar da likita ya ce dole ɗayanmu ya zauna da Baba. Ka ce, "Yaya, ke ki je, ni zan tsare miki Buta." To ni ga ni nan a kan nawa. Ka riƙa duba rahoton masu sa-ido kan hasken taurari, kuma kada ka kashe wayarka.

Allah ya yi maka albarka, in ji Baba.

Yayarka

*

Zuwa ga Baba da Yaya,

Wa alaikumus salam. Baba, ina gaishe ka cikin ladabi, ina yi maka sannu da jiki. Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne. Amarya tana gaishe ka ƙwarai. Yaya, sannu da ɗawainiya, Allah ya biya ki.

Baba, a batun karin guga ina bayanka ɗari bisa ɗari. Tun muna yara haka take. Ita ce ta ƙona mini rigar makaranta, ta ce wai gugar ce ta yi zafi da kanta. Ka ci gaba da horar da ita, kafin ka miƙe ta iya riƙe shago.

Ga buta nan na haɗo da takardar, ja ce, tana fito idan ruwa ya tafasa. Ina ganinta na ce wannan ta Baba ce. Kafin ta sama ta yi nata, ga ta ƙasa tana yi maka kullum.

Yaya, Butarki tana ta sharar barci. Ina duba rahoto kowace safiya kafin in kai komai bakina, haskenta ko gezau. Batun awoyi kuwa ki sa ranki a inuwa, komai yana hannuna. Ke dai ki ji da Baba. Ba sai kin riƙa kiran ofis kina ɗaga hankalinki ba, kin san su da surutu. Duk abin da ya taso ni zan gaya miki.

Ni ma ina ta fama da nawa tauraron, wanda kike kira Dattijo saboda ba ya fushi ba ya dariya, duk da shi ma jariri ne. Ina da yaƙinin akwai tururi a cikin faifansa, kusa da inda wata duniya ke haɗuwa, nuna shi ne ya rage. Kwantiragina zai ƙare ƙarshen shekara. An buɗe kujerar dindindin guda ɗaya, mu da yawa muke zawarcinta. A sa ni a addu'a.

Sai albishir. Baba, ka shirya, ka kusa samun abokin faɗa, Amarya tana da juna biyu. Labule kuwa, Yaya, kin canka, yana nan daram.

Na bar ku lafiya.

Ɗanka kuma ƙanenki,
Auta

*

Auta,

Salamu alaikum, a gurguje. Ta farka! Buta ta farka!

Ina ba Baba abincin rana saƙon masu sa-ido ya shigo wayata. Haskenta ya ninka, ya sake ninkawa, kuma bai tsaya ba. Cokalin ya suɓuce mini a kan zanin gado. Baba ya ce, "Ke lafiya?" Na ce, "Baba, ta tafasa." Ya juya ya dubi jar butarka a kan risho ya gan ta shiru, sannan ya gane. Auta, da ka ga fuskarsa. Ya yi dariya har ya sarƙe, ya nemi ya ɗaga hannun daman nan da ya mutu, kuma na rantse maka yatsu biyu sun motsa. Ni ma kuka na yi, ban ji kunya ba.

Na kira ka har wayata ta yi zafi, ba ka ɗauka ba. Na tura saƙo, na ga ka buɗe. Na ce ko kana can tare da masu jadawali kuna shirin juya na'ura, shi ya sa na haƙura. Amma yau kwana ya juya ban ji komai ba, don haka na ba direban motar safe wannan ya kawo maka hannu da hannu.

Ka san lissafin, ba sai na koya maka ba. Yanzu haka zafin yana tura iyakar ƙanƙara waje, tururi yana tashi a daidai inda duniyoyi ke haɗuwa. Ba zai daɗe ba. Da ta huce zai koma ya daskare a jikin ƙura, shi ke nan an rufe. Farkawar da ta yi ta baya tun muna 'yan makaranta ne, lokacin babu na'urar da za ta gani. Ga shi lokacin gajimare ya kusa a kan dutse. Ka kira yau, kada ka bari sai gobe. Ka ce su fara da ruwa kafin su taɓa komai, ko da za a tsaya a nan.

Baba ya hana kowa sakat. Mai motsa ƙafa, makwabta, har yaran da suka shigo ɗaukar ƙwallonsu, duk ya gaya musu: "Ta tafasa, ɗana yana can tsaye a kanta." Ya ce in gaya maka butarka ta fi kowace buta da ya taɓa mallaka, ba ya shan ruwan wata yanzu.

Ka kira ni ko da kalma ɗaya ce.

Yayarka

*

Yaya,

Wa alaikis salam. Na ga saƙonninki duka, ki gafarce ni, abubuwa ne suka yi mini yawa. Na ga rahoton, lallai ta farka, ina taya ki murna.

An samu 'yar tangarɗa a wajen jadawali, ana kan dubawa. Ba abu ne da zan iya bayaninsa a takarda ba. Ki ba ni lokaci kaɗan. Don Allah kada ki kira kowa a ofis tukuna, zai ƙara dagula lamarin ne kawai.

Ki gaishe da Baba, ki ce ina nan tafe da zarar na samu sarari.

Auta

*

Zuwa ga ƙawata Mai Buta,

Sallama da gaisuwa, da fatan Baba yana samun sauƙi. Ya ƙoƙari? Allah ya ba da lada.

Da kika kira ni jiya kika ce, "Uwar Jadawali, me ya hana a juya wa Buta na'ura?" na kauce wa tambayar. Ofis cike yake da mutane, shi ya sa na ce zan rubuto. Ina ajiye wayar na gane ba ki san komai ba. Ni kuwa kin san ni, ban iya kwana-kwana ba, zan faɗa miki yadda abin yake.

Babu awoyi, ƙawata. An cinye su tuntuni.

Ko wata ba ki cika da tafiya ba ƙanenki ya zo zaman kwamiti da kansa. Ina wurin, tunda ni ke raba lokacin na'ura. Ya ce jikin Baba ya yi tsanani, ba ranar tashi. Ya ce kin yanke shawara ba za ki dawo aiki ba, kin zaɓi gida, kunya ce kawai ta hana ki rubuto takardar ajiye aiki. Muryarsa har rawa take. Ya ce ke kika ce kada a bar awoyin nan suna jiran tauraron da ba shi da ranar tashi, a juya su ga nasa, wanda kike kira Dattijo. Ikon kira yana hannunsa, ke kika ba shi, ga shi ɗan'uwanki ciki ɗaya. Wa zai ce ƙarya yake? Na ce bari in kira ki in ji daga bakinki, ya ce kin roƙi arziki kada kowa ya dame ki da zancen aiki, yana fama miki ciwo. Na yarda, kuma yanzu ina cizon yatsa.

Ranakun da aka ba shi kuwa, tun da nake aikin nan ban ga sama ta bushe haka ba. Masu juya na'ura har leɓɓansu suka tsattsage. Ina ta cewa a raina da Mai Buta ce ta samu irin wannan. Ya ga tururinsa a faifan Dattijo, ba laifi, aiki mai kyau ne. Da shi ya shiga ganawar neman kujera, kuma ina jin ba a gaya miki ba, an ba shi.

Da rahoton Buta ya shigo na tafi wajen shugaba da ƙafata na roƙi awoyin gaggawa. Ya ji ni, amma gajimare ya riga ya sauka a kan dutse, an kuma fara kwance sassan na'ura don gyaran shekara. Kafin sama ta sake bushewa Buta ta huce. Na juya jadawalin nan ta ko'ina, ba inda zan tsaga.

Wani abu kuma da ke damuna. Da muka ji ba za ki dawo ba, mu 'yan ofis muka haɗa kai muka saya miki kyautar ban-kwana. Ni na zaɓa, wata jar buta mai fito, don ki riƙa tuna mu kina dariya. Kowa ya sa hannu a kati, har mai gadin ƙofa. Ƙanenki muka ba ya kai miki. Da na ji shiru ba ko godiya, na ce ko wasan ne bai yi miki daɗi ba. Ta iso kuwa?

Ki sani hutunki yana nan a matsayin hutu, ba wanda ya kore ki. Teburinki dai an ba wani, amma tebur ba wuya. Ki yafe mini da ban kira ki ba.

Taki har kullum,
Uwar Jadawali

*

Auta,

Ba zan yi doguwar gaisuwa ba, don ban iya gaisuwar ƙarya ba. Wannan takardar Baba bai san da ita ba.

Na kira ofis. Ka ce kada in kira, na kira. Uwar Jadawali ta gaya mini komai.

Na zauna a bakin gadon Baba da takardarta a hannu, sai jar butar ta fara fito a kan risho. Baba ya ce, "Tashi mana, butar ɗana tana kira." Na tashi na sauke ta. Auta, kyautar sallamata ce. Da ita abokan aikina suka yi mini ban-kwana ban sani ba, kai kuma ka cire katin, ka naɗe ta, ka aiko wa mahaifinka ka ce ka gan ta ka tuna shi. Ni ke wanke ta kowace safiya. Ni ke goge mata baƙin risho don kada kyautar Auta ta dushe. Ina katin? Ka yaga ne ko ka ajiye?

Ka ci amanata. Ina so ka gan shi a rubuce, don kada wata rana ka ce ban faɗa ba. Lokacin da ka rubuto cewa in sa raina a inuwa, komai yana hannunka, ka riga ka tsaya gaban kwamiti. Da hannun da ka cire katin ka rubuta mini haka, har da wasan rigar makaranta.

Wai na zaɓi gida. Ni kaɗai na zaɓa? Ba mu biyu muka tsaya a barandar asibiti ba? Kai ka ce in je. Ina nan ina kwashe abin da ba a faɗa, bayana ya ƙage saboda ɗaga Baba, rabona da barci mai daɗi na manta, kuma ban taɓa jin an cuce ni ba, domin ina cewa ƙanena yana can ya riƙe mini ɗaya gefen. Ashe kana can kana yi wa aikina jana'iza da murya mai rawa. Ka ɗauki jinyar ubanka ka mai da ita hujja. Ka ce musu ba shi da ranar tashi, shi da yake motsa yatsu saboda murnar kana tsaye a kan Buta.

Ni na goya ka bayan rasuwar Inna. Ni na hau da kai rufin shago na nuna maka sama kana tsoron tsani. Ban faɗa don gori ba, na faɗa ne don ka san wadda ka yi wa. Da abokin ofishina ne ya yi mini haka, da na kai ƙara na huta. Kai wa zan kai wa ƙararka? Baba?

Buta tana can tana tururi a wannan lokacin da nake rubutu. Ruwan da na ba da ƙuruciyata ina jira ya tashi, yana nan a fili, kuma babu ido ko ɗaya a kansa. Kullum ina buɗe rahoton ina kallon hasken ya fara sauka. Ban san me ya sa nake buɗewa ba.

Gajeriyar takardarka ta baya, Baba ya ce in karanta masa. Na karanta, na ƙara mata abin da ba ka rubuta ba. Na ce ka ce aiki yana tafiya, ba ka ko samun zama. Ya ce Allah sarki yaron nan, ya cusa ta a ƙarƙashin matashi. Ka ga abin da ka mai da ni.

An ce an ba ka kujera. Ko wannan sai a bakin wasu na ji.

Ina jiran abin da za ka ce.

Yayarka, tunda ba a sauyawa

*

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ko ba za ki amsa ba. Na karanta takardarki a tsaye, na sake karantawa a zaune. Amarya ta same ni da ita, na ba ta ta karanta, tun ranar ba ta yi mini magana mai tsawo ba.

Ba zan musa komai ba, haka aka yi. Katin yana cikin aljihun teburina, ban yaga ba. Butar kuwa, na rasa yadda zan yi da ita ne. In na ajiye a gida Amarya za ta tambaya, in na kawo miki da katin asiri ya tonu, na kuma kasa jefarwa. Na san wannan ba hanzari ba ne.

Amma ki saurare ni, ko sau ɗaya. Buta ta yi shekaru tana barci. Ke kanki kin sha cewa wataƙila sai kin yi furfura. Na zauna na duba: ga awoyi mafi kyau a shekara suna ajiye suna jiran abin da ba wanda ya san ranarsa, ga ni kwantiragina na ƙarewa, ga ciki a gida. Na ce in na ara na samu kujera, ni zan tsaya miki a kwamiti a sake ware miki wasu kafin ki dawo, ba tare da kin ma sani ba. Wallahi niyyata ke nan. Wa ya san a bana za ta farka? Ranar da rahoton ya shigo, a banɗakin ofis na kulle kaina. Kiranki yana shigowa ina kallo, ban ɗauka ba.

Za ki ce me ya sa ban tambaye ki ba. Yaya, tun da na shiga ma'aikatar nan ba ni da suna. Ƙanen Mai Buta, haka ake kirana, har masu shara. Duk abin da na yi sai a ce ai yayarsa ce ta gyara masa. Na so in shiga ganawar nan da abin da ba ke kika miƙo mini ba. Na san abin dariya ne, tunda da naki na shiga. Kuma tsakaninki da Allah, da na roƙa, za ki ba ni? Buta fa. Ke da ba ki haɗa ta da komai.

Maganar cewa kin bar aiki, ita ce ta fi muni, na sani. Sun yi ta tambaya ne, ni kuma ina ta ƙarawa, har na kai inda ban iya dawowa ba.

Ga abin da zan iya. Zan sa sunanki a gaban nawa a kan aikin Dattijo. Zan je kwamiti in faɗi gaskiya in kin ce in je, ko da kujerar za ta tafi, amma ki tuna da abin da ke cikin Amarya. Abu ɗaya nake roƙo, kada Baba ya ji. Ba don ni ba, don jikinsa.

Ki yafe mini, Yaya. Ba ni da wata uwar sai ke.

Ƙanenki,
Auta

*

Auta,

Wa alaikas salam.

Ka tambaya da ka roƙa ko zan ba ka. Tun ranar da ka rubuto cewa kwantiraginka zai ƙare na yi lissafin a bayan takardar maganin Baba. Rabin awoyin ya ishi Dattijo, rabi ya ishi Buta. Na yi shiru ne ina jira ka buɗe baki da kanka, don kada ka ce yayarka ta sake miƙo maka.

Kada ka sa sunana a kan Dattijo, ban gan shi ba. Kada kuma ka je kwamiti, yaron da ke tafe bai yi mini komai ba.

Buta ta huce. Jiya hasken ya koma inda yake.

Jikin Baba ya ja baya, likita ya ce wanda zai zo ya zo. Ya tambaye ni yawan ruwan da aka samu. Na ce masa da yawa, Baba, ya ishi duniya da tekunanta, kuma Auta ne ya tsaya a kai har aka gama. Ya sa maka albarka har hawaye ya jiƙa matashi. Idan ka zo kada ka gyara masa labarin. A gabansa ni yayarka ce. In mun fito tsakar gida, ka bar ni.

Ka taho da katin, nawa ne. Kuma daga ranar da ka iso kai za ka riƙa ɗora masa butar da safe. Ni na gaji da jin fitonta.

Mai jinyar Baba